Umma Ba Ta Tsallaka Gada Ba

Lahadi, 5 ga Oktoba

Umma ta iso da Auta da akwatuna niƙi-niƙi. Auta ta samu gurbin karatu a jami'ar da na gama, wadda nake aiki a cikinta yanzu. Na ɗauki hutu har Laraba don in zaga da su gari a ƙafa: sabuwar haraba, kasuwar littattafai, hasumiyar agogo, sannan mu tsallaka gada zuwa tsohuwar haraba, Umma ta ga ɗakin gwajin ƙasa inda nake aiki. Ba ta taɓa ganinsa ba. Kai, garin ma ba ta taɓa takawa ba sai yau, da ya zama Auta ce za a kawo.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ba mu wuce sabuwar haraba ba. Rabin wuni a ɗakin kwanan ɗalibai. Umma ta murɗa famfo, ta jijjiga taga, ta danna katifa, ta tsare mai gadi da tambaya har ya fara kallon ƙofa. "Matakalar nan akwai fitila kuwa?"

Ni ranar da na zo, yaron mota ne ya dire mini jaka a bakin titi ya yi gaba. Biskit na yi ta ci kafin in gano inda ake sayar da abinci.

Na tsaya gaban babban ɗakin karatu ina ta zuba musu bayani hawa-hawa. Da na waiga, Umma gyara wa Auta mayafi take yi.

Talata, 7 ga Oktoba

Kasuwar littattafai da hasumiyar agogo. Auta ta lalubo tarihin hasumiyar a waya ta karanta, Umma ta ce, "Ji yarinyar nan, har ta san gari." To. Ni da na cinye takalma a titunan nan, baƙuwa ce ke nan.

Mun ci gasasshen kifi wajen mai kifin bakin gada. Umma ta zare ƙaya ta tura wa Auta tsokar tsakiya. Mai kifi ya ce, "Mama, babbar nan tun tana ɗaliba take zuwa nan, ita kaɗai da littafinta." Umma ta dube ni.

Daga bencin mai kifin ana hango rufin ɗakin gwajinmu. Na nuna musu. Auta ta ce ta gaji. Shi ke nan, Auta ta gaji, gari ya ƙare.

Kishi nake yi. Na rubuta, kowa ya huta. Mace da girmanta tana kishin ƙanwarta a kan tsokar kifi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tun da safe na kira abokiyar aikina na ce ta kawar da tarkacen teburina, yau Umma za ta zo. Gobe za ta koma gida, in ba yau ba babu.

A gindin gada Umma ta zauna wai za ta gyara takalmi. Na leƙa. Ƙafar ta kumbura suntum, igiyar takalmin ta nutse a nama. Ashe tun jiya take ɓoyewa. Tsohuwar haraba ba a shiga da mota, ga matakalar gada, ga ɗakin gwajin can sama.

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta ce, "Mu je mana, ai saura naki."

Saura nawa. Kamar ragowar tukunya.

Na ce, "Umma, ba komai a can fa, ƙasa ce a kwalabe. Mu koma."

Ta yarda da wuri. Wannan ma ya ƙona mini rai, alhali ni na faɗa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tasha. Auta ta tafi sayo ruwa, Umma ta kama hannuna.

"Shekarar da kika zo babanku na kwance, ba wanda zan bar wa shi. Duk inda muka bi kwanan nan, ke nake gani da jakarki."

Na ce mata motar za ta tashi, ta shiga. Abin da bakina ya iya ke nan.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Aiki. Auta ta kira, ban ɗauka ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ina tankaɗe ƙasa aka ce ana sallama da ni. Auta ce, jiƙe da gumi, wai ta ɓata har sai da ta dawo bakin gada ta sake tambaya.

"Yaya, Umma ce ta ce in zo in ga wurin aikinki in ba ta labari. Ta ce har kujerar da kike zama, kada in bar komai."

Na ce ina da aiki. Sai kuma na nuna mata ma'auni, da tandar busar da ƙasa, da kwalabena jere da rubutun hannuna a jiki. Ta kira Umma a nan take, tana ta kwaɓa sunayen kayan, ina gyara mata. Can na ji Umma tana tambaya ko akwai taga kusa da ni. Na karɓe wayar na ce akwai, Umma, babba ce, ana ganin kogi.

Na raka Auta har ɗakinta. Ba wai na huce ba ne, hanyar ce ba ta sani ba tukuna.