Inci Uku a Lungunmu

Asabar da dare, Yuli 1999

Wajibi ne in gyara abin da uwargidana Hajiya take gaya wa mutane, wai motoci goma na auna. Shida na auna, kuma da dalili. Jikoki biyar suna hannunmu, ga ni ga ita, saboda haka mota mai kujera bakwai nake nema, wadda babu yaron da zai zauna a cinyar wani.

Yau na same ta, doguwa, fara, bayanta da sarari har Sadiku, babbansu, ya miƙe ƙafafunsa. Sai dai awon da na yi wa lungunmu na Mandawari ya nuna ba za ta shige ba. Inci uku ne suka hana, daidai dakalin maƙwabcina Malam Garba. Mahaifinsa ne ya gina dakalin, a kansa kuma Malam yake karatu kullum bayan la'asar. Na je wurinsa da nauyin baki, na yi ta kewaye-kewaye.

Ya ce, "Hedimasta, tun jiya nake kallonka kana rarrafe da tef. Inci nawa ne?"

Na ce uku.

Ya ce, "A sare huɗu, don na san tuƙinka. Amma ranar Juma'a kujerar gaba tawa ce."

Alhamdu lillahi. Magini zai zo gobe da hantsi.

Na liƙa a wannan shafi takardar awon, da tsarin zaman yara, da na ranar Juma'a, inda na rubuta sunan Malam Garba a gaba, da tawada ba da fensir ba.