Ƙafafuna da Irin Gerona

Sabon Birni,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Hafizullahi, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku a wannan wuri mai nisa, ya sa albarka cikin neman da kake yi. Mu nan sai godiyar Allah. Uwarka tana nan, hawan jinin ya ɗan lafa, sai dai tunani bai bar ta ba. Yayarka Sa'adiyya da ɗiyanta lafiya lau, maigidanta kuma yana ta fama da kasuwa. Bazara ta kama mu sosai, ko inuwar darbejiya ba ta da sanyi bana. Malam Shafi'u ladanin masallacinmu ne ke rubuta mini, na kuma ce mishi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara mini ita.

Dalilin takardar nan shi ne faɗan da ka yi mini ta waya ranar Jumma'a, don Sa'adiyya ta gaya maka na bar zuwa wurin masu gashi. Ka yi ta magana kamar ana korarka, ni kuwa na yi shiru, kai kana zaton na rasa amsa. Ban rasa ba. Ina tsakar gidan suruki ne, yana alwala kusa da ni, ba za ni buɗe cikina a gabanshi ba. Yanzu ka saurara, ni ma in yi tawa.

Ka san tun da mutanen daji sunka tashe mu daga gonarmu ta Tsamaye, munka taho nan munka raɓa gidan mijin Sa'adiyya, ba ni da wani aiki sai zama. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaure mini fuska ba, amma da girmana ina cin tuwon suruki, kai ma ka san abin da ke nan. Daga tabarma sai dakali, daga dakali sai tabarma. A gona gwiwa takan yi mini ciwo, in taune haƙori in ci gaba, kafin rana ta ɗaga ta saki. A nan ta samu wuri ta zauna, ta kira baya ya taya ta. Har ta kai ga a masallaci sun ajiye mini kujerar roba a ƙarshen sahu. Ni Yari, wanda ke ɗaukar damin gero shi kaɗai, ina sallah bisa kujera, jama'a na kai goshi ƙasa ni ina gyaɗa kai kamar mai gyangyaɗi. Wannan ba ka tambaye ni ba ko sau ɗaya. Abin da kake tambaya kullum shi ne ko na sha magani.

Da ka aiko cewa akwai likitocin gashi da ke tahowa daga Sakkwato suna duba tsofaffi masu ciwon gwiwa da baya, har ka sa an rubuta sunana, na yi murna. Na ce to, gashi dai na san shi: ruwan zafi, tsumma, man shanu, a danna wuri har ya yi laushi. Na tafi da shirin jin zafi. Na isa, babu wuta, babu tukunya, babu ko garwashi. Sai kujera, da wata igiyar roba, da wata yarinya sa'ar Sa'adiyya, sunanta Malama Naja'atu. Ta ce in zauna in tashi, in zauna in tashi, ba tare da na dafa komai ba. Na tambaye ta ina gashin. Ta yi dariya ta ce ai shi ke nan munka fara. Na ce mata in don zama da tashi ne, akwai kujera a gida, ba sai an ɗora ni bisa babur an kawo ni ba.

Ba ta ji haushi ba, wannan na ba ta. Ta ce bincike suke yi, suna bin tsofaffi irina su ga wa ke samun sauƙi, mai kwanciya yana haɗiyar ƙwaya ko mai motsa jiki. Ta ce abin da masana sunka daɗe suna gani shi ne gaɓa da motsi take rayuwa, in an bar ta sai naman da ke riƙe da ita ya zube, ciwon ya ƙaru, mutum ya ƙara jin tsoron motsi. Ta ce ba kowane zafi ke nufin wani abu ya lalace ba, kuma tafiya na taimakon barci da jini da zuciyar mutum. Sannan ta tambaye ni yaya ciwon, na ce da sauƙi. Ta ce Baba, duk wanda ya shigo ɗakin nan da sauƙi yake cewa, har wanda anka ɗauko a kan hannu, ita gaskiya take so don aikinta ya yi kyau. Na ce mata haka anka koya muna amsawa, mai ciwo ba ya kai ƙarar Ubangijinshi wurin mutum. Ta ce to in bar bakin, in nuna mata da hannu. Na nuna.

Ta ba ni abubuwan da za ni riƙa yi a gida: in kwanta rigingine in ɗaga ƙafa, in juya in ɗaga ɗayar. Hafizullahi, ka dubi maganar nan da hankali. A gidan wa? Ɗaki ɗaya muke da uwarka da kayanmu, ba wurin miƙe ƙafa. Tsakar gida kuwa nan suruki ke wucewa, nan jikoki ke wasa. In kwanta ina harba ƙafafu sama kamar jakin da ke birgima, mijin ɗiyata ya shigo ya gan ni? Ku da kunka yi boko kuna aiko umarni daga nesa, ba ku tambayar inda za a yi shi. Na gaya mata ba za ni yi ba. Ta ce to in riƙa tafiya kowace safiya. Na ce zuwa ina? Ta ce ko ina, in dai taka. Na ce mata tun da anka haife ni ban taɓa tafiya ba dalili ba. Mutum na zuwa gona, ko kasuwa, ko gaisuwa, ko jana'iza. Wanda ke fita ya zagaya ya komo hannu wofi, a garinmu sunan da ake kiranshi daban ne. Sai ta tambaye ni ko akwai wanda nake son gani a garin nan amma ƙafa ta hana.

Akwai. Labbo ne. Kana yaro lokacin, amma ka tuna Bafillacen da ke sauka gonarmu da shanunshi bayan girbi, wanda ke kawo maka nono a ƙwarya. Shi ma mutanen dajin ba su bar shi ba, sun kore mishi garke duka, ko maraƙi ba su rage ba. Ya taho nan ya samu wata bukka a bakin gari, wajen hanyar Isa, shi da wata ɗiyarshi bazawara. Mutanen gari na kallonshi da ido guda don shi Bafillace ne, alhali abin da ya cinye mu shi ya cinye shi. Sai na fara zuwa wurinshi da sanda. Farkon zuwa na zauna bakin hanya ban san iyaka ba, na isa ina haki. Yana ganina ya ce Kaɗo, ashe ba ka mutu ba, ai ya ji an ce Bagobiri ya koma sallar kujera kamar alhajin birni. Na ce mishi gara ni ina da kujera, shi ko akuya ba ta gaishe shi. Munka yi dariya har hawaye, daga nan hawayen bai tsaya inda dariya ta tsaya ba.

Haka na riƙa zuwa duk safiya, tun kaka har sanyi ya shigo. Ba za ni yi wa yarinyar nan ƙarya ba, maganarta ta fito. Zaman bakin hanya ya ragu har na daina. Barci ya komo. Wata rana na isa wurin Labbo sannan na ga na baro sanda a gida. Suruki ya aiko Sa'adiyya ta gaya mini wai mutane na magana, yawan zuwana wurin Bafillace zai jawo wa gidan zargi. Na ce ta gaya mishi na ji. Kashegari na tafi. A can ne, wata azahar, bisa buzun Labbo, na ce bari in gwada. Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara amma ta yarda, na kai goshina ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Labbo ya ce ya zaci sai ya kira mutane su ɗauke ni.

Na yi na yi da shi ya tashi mu riƙa takawa tare, ko rakiya ya yi mini zuwa bakin kwalta. Na gaya mishi duk abin da likitar ta ce, har ita ma na kai ta wurinshi. Ya saurare ta da ladabi, ya yi mata godiya, ya ce shi duk tafiyar da ya yi a duniya bayan saniya ya yi ta, daga nan har ƙasar Nijar, bai san yadda ake tafiya ba kowa a gaba ba. Ƙafafunshi sunka kumbura, ya bar cin abinci sai ɗan kunu. Ƙarshen sanyin nan Allah ya karɓi abinshi. Waɗanda sunka bi gawarshi ba su cika sahu ba. Na gaya maka ta waya, ka ce Allah ya jiƙanshi, kafin in rufe baki ka tambaye ni ko ina zuwa gashi.

Bayan addu'ar bakwai, ɗiyarshi ta koma wurin danginta. Wata safiya na tashi na kama hanya yadda na saba, sai da na hango bukkar an cire mata ƙofa sannan na tuna. Na juyo. Tun ranar ban sake fita ba sai masallaci, gwiwar kuwa ta fara komawa gidan jiya, kujerar ma an maido mini ita. Malama Naja'atu ta taho har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in riƙa zuwa kasuwa ko in zagaya makaranta. Na ce ba ni saye, ba ni sayarwa, ba ni karatu. Ta gaya mini ba ɓoyo cewa in na zauna haka har damina ta wuce, da wuya ƙafafun nan su sake ɗaukata.

To, ga abin da na yanke. Ruwan farko na sauka, za ni koma Tsamaye in yi shuka. Wasu daga cikin maƙwabtanmu sun koma, suna noma kusa da gari suna komowa da wuri. Na san abin da za ka ce, na kuma san gaskiya ne, dajin bai kwanta ba, ana ɗaukar mutum a gona har yau. Amma ku kunka ce motsi ne maganina, ban musa ba, na gani a jikina. Shuka ai tafiya ce. Ka sara da sungumi, ka jefa iri, ka rufe da diddige, ka taka gaba, kowane taki da dalilinshi. Can ban san abin da zai same ni ba. Nan kuwa na sani, na zauna kusa da Labbo na ga yadda zama ke cin mutum tun daga ƙafa. In wani abu ya faru, kada wanda ya ɗora wa likitar nan laifi. Ba ita ta aike ni ba, ta ma roƙe ni kada in tafi.

Ba izini nake nema ba, ni na haife ka. Abu guda nake so. Irin gerona da na fito da shi daga rumbu ranar da munka gudo, wanda na ɗauka na bar tufafina, uwarka ta ɓoye shi. Na tambaye ta, ta yi kuka ta ce kai ka ce ta ɓoye. Irin ubana ne, ba a samun shi a kasuwa, kuma in ya sake kwana wata shekara a buhu ba lalle ya tsira ba. Ka kira ta ka ce ta fiddo mini. Maganarka take ji yanzu, ba tawa ba.

Ka gaida matarka Sadiƙa da kyau, Allah ya ba ta haƙurin zama da mai taurin kai ɗan mai taurin kai. Ka shafa mini kan Marwan da Ni'imatullahi, ka gaya musu suna da kaka, ko da yake sai a hoto sunka san shi. Ka gaida baffanka Hussaini in kun haɗu, da maƙwabtanka Yarbawa, ka ce ubangidansu Bagobiri na gaishe su. Uwarka da Sa'adiyya ba su san da takardar nan ba, amma na san da sun sani da sun gaishe ka. Hadari ya fara haɗuwa gabas da la'asar, kada ka jinkirta kiran.

Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Yari.