Ta'aziyyar Uwar Ƙwari, Farfesar da Ta Ba Takalmina Aiki

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Masu Gyaran Agogo da Ƙananan Injuna ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Hajiya Farfesa, shugabar ɗakin binciken ƙananan mutum-mutumi na jami'a, wadda mu a layin masu agogo ba mu san ta da wani suna ba sai Uwar Ƙwari. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga wanda bai san aikinta ba, marigayiya ta shafe shekara ashirin da biyu tana kallon yadda kyankyaso ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙofa, tana ƙera injuna irinsa, waɗanda tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, domin su shiga ɓaraguzan ginin da ya rufta su gano mai sauran numfashi. Da injiniyoyinta suka kasa haɗa ƙafafun da suka fi tsinken ashana siranta, ba ta tsaya ɗaga waya ba, ba ta kuma aiko kowa ba. Da kanta ta tako har layinmu, ta zauna a bencina, ta ari gilashin idona da hantsakina, ta ce in koya mata riƙo. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na kuma gina shagona da yatsuna goma ba wanda ya ɗaga ni, ina faɗa da babbar murya cewa na koyar da Farfesa, kuma ta iya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Ranar da na fara shiga ɗakinta, na hango kyankyaso ya fito daga bayan tebur a guje, na ce a raina wuri mai tsabta haka bai dace da ƙazanta ba, na sa takalmi na murƙushe shi. Ashe inji ne, aikin wata takwas. Ta durƙusa ta tsince gutsattsarin a tafin hannunta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Baban Agogo, da na gaske ne da ya tashi ya ci gaba da tafiyarsa. Laifin namu ne, mun yi masa jiki mai tauri." Daga ranar ta koma ƙera su da roba mai laushi, ta kuma kafa doka: duk sabon ƙwaro, sai na taka shi da wannan takalmi lamba arba'in da biyar kafin a ce an gama. Talatin da tara na taka, talatin da tara suka mutu. Kowane lokaci sai ta yi dariya ta ce in rage cin abinci.

Na arba'in ta haɗa shi mako guda kafin a kwantar da ita a asibiti. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa, kuma babbar 'yarta ta riga ta sa an yi masa akwatin gilashi don a ajiye shi a falo. Ba mu ga laifinta ba ko kaɗan. Sai dai ƙwaron da ba a taka ba, ba mai yarda ya tura shi ƙarƙashin gini neman ɗan wani. Jiya maigidan marigayiya, dattijo mai ƙarancin magana, ya kira ni ɗakin binciken, ya ajiye ƙwaron a ƙasa, a kan tayil ɗin da na yi ɓarnar farko, ya ce: "Taka, Alhaji. In muka kulle shi a gilashi ba za ta yafe mana ba." 'Yar ta juya baya. Na taka da dukkan nauyina, kamar yadda ta koya mini, ba ragi. Da na ɗaga, yana baje kamar ganye. Can sai ƙafa ɗaya ta motsa, ya kumburo, ya miƙe, ya shige ƙarƙashin kabad. 'Yar ce ta kwanta a ƙasa tana lalubensa, tana kuka tana dariya.

A madadin shugabanni, dattawa da ɗaukacin 'ya'yan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'ya'yanta, jikokinta, abokan aikinta da hukumar jami'a. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi, Ya kuma rubuta mata ladan duk wani rai da ƙwaronta zai gano a ƙarƙashin ƙasa. Akwatin gilashin kuwa ba a bar shi wofi ba. Iyalin sun nemi takalmin, na kuma ba su.

Sa hannu:
Alhaji Baban Agogo
Shugaba kuma Kakakin Ƙungiyar Masu Gyaran Agogo da Ƙananan Injuna