Yaron Da Ya Ƙi Tsayawa A Hoto

Inna Yahanasu, don Allah ki agaje ni, dabara ta ƙare mini. Daga Kurfi nake rubuto miki, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Maigidana soja ne. Ina da ciki aka ɗauke su zuwa kudu, daga can sai Kwango. Har yau bai ga abin da na haifa ba, ga shi yaron har ya fara gudu. Abu ɗaya ya roƙa, a yi hoton mutanen gida a aika masa ya ga fuskar yaron. Abokinsa Yero ya zo hutu, shi zai tafi da hoton, kuma kasuwa ɗaya ta rage masa ya koma.

Mai hoton, Malam Ilu, daga Dutsin-Ma yake zuwa a keke ran kasuwa. A ƙofar gida yake kafa akwatinsa mai ƙafa uku, don ya ce sai da hasken rana. Aka yi wa yaro wanka, aka sa masa kwalli da sabuwar hula, aka ɗora shi a cinyar Gogo, surukata. Malam Ilu na cusa kansa cikin baƙin ƙyallen nan, sai yaro ya ƙwalla ƙara, ya banƙare yana miƙo mini hannu. Kowa ya fito tsaf, har akuyar maƙwabta da ba a gayyata ba, shi kuwa kamar hayaƙi. Aka sake wata kasuwar da alewa, ya yi jifa da ita.

Na san maganin abin. Da na ɗauke shi yake yin shiru. Amma Inna, ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Yaya zan rungume shi a ƙofar gida, gaban surukai da 'yan kallo, kuma a hoton da kowa zai riƙa gani? Ina can gefe kaina a sunkuye, yana ta kuka. An ce ana harbe-harbe a Kwango. Tsorona kada wani abu ya sami bawan Allan nan bai san kamannin yaronsa ba. Ya zan yi?

Mai Kunya, Kurfi

'Yata, share hawayenki. Kunyarki tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Shi ma yaron bai yi laifi ba. Ko ni na ga ƙato ya shige cikin baƙin ƙyalle yana leƙo ni, sai na nemi uwata.

Ga abin yi. A bar ƙofar gida, a koma tsakar gida da hantsi, a sallami 'yan kallo. Yaro ya ci ya ƙoshi, a cire masa hular nan. Malam Ilu ya zauna tukuna, ya bar shi ya taɓa akwatin. Sannan ki zauna a kujera, a lulluɓe ki da babban zane tun daga kai har ƙafa, a ɗora miki shi. Ke kin zama kujera, shi kuwa ya ji ɗumin da ya sani.

Kada ki yi haka a bayan idon Gogo. Aika wata dattijuwa ta gaya mata. Ita ma ɗanta ne a bakin bindiga, kuma ta taɓa yin ɗan fari, ta san abin da kike haɗiyewa. Ina kyautata zaton da hannunta za ta lulluɓe ki.

In yatsunki suka ɗan leƙo a jikin yaron, kada ki sa a sake. Mutanen gida ba za su ce komai ba, shi kuwa na Kwango ya san hannun wace ce. Allah ya dawo miki da shi lafiya, ya raya yaron.

Inna Yahanasu