Kakata Ta Ce Sai Na Tafi Ingila Da Dutsen Niƙa

Anti Kulsumu, don girman Allah ki taimake ni kafin in yi abin kunya a filin jirgi.

Ki yi haƙuri idan rubutun nan ya yi ta tsalle-tsalle, ni kaina tun da biza ta fito ban zauna wuri ɗaya ba. Shekaranjiya sukari na zuba a miyar kuka, da na ɗanɗana sai na zauna a bakin murhu ina ta dariya ni kaɗai. Ingila zan tafi, Anti, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba! Mijina Mujitaba ma'aikacin jinya ne, tun bara ya samu aiki a wani asibiti a can, yanzu kuma takarduna sun kammala, ƙarshen watan nan zan bi shi. Sunan garin ma har yau ban iya faɗarsa daidai ba. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Tiga, cikin Bebeji, amma na riga na ajiye aiki. Na sayi rigar sanyi a gwanjo, mai kauri kamar katifa, da rana tsaka nake saka ta in tsaya gaban madubi ina zufa ina gwada yadda zan gaisa da maƙwabta.

Sati biyun nan sallama nake yi gida-gida. Na je Dangora wajen dangin babana, na je Ɗansoshiya wajen dangin miji, kuma kin san ba a fita gidan mutum hannu rabbana. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, man shanu daga Bafulatanar da ke kawo mana nono, ga kifi banda da Kawu Lado ya kamo ya gyara da hannunsa. Ɗakina ya koma rumfar kasuwa. Duk wannan bai dame ni ba, zan san yadda zan yi.

Damuwata Iya ce, kakata ta wajen uwa, wadda ta raine ni tun daga yaye. Iya tana amarya aka tashe su daga tsohon garinsu saboda ruwan dam ɗin Tiga zai cinye shi. Kowa a gidanmu ya san labarin yadda ta ƙi hawa motar kwasar kaya sai da aka ɗora mata dutsen niƙan da uwarta ta ba ta. Dutsen yana nan a ƙofar ɗakinta, tsakiyarsa ta lotsa don niƙa. Ko da inji ya zo gari ba ta daina amfani da shi ba, ta ce kayan miyan inji ƙarfe suke wari.

Ranar Juma'a na je gaishe ta, sai na tarar an wanke dutsen fes, an naɗe shi da tsohon zani an ɗaure. Ta ce guzurina ke nan. Na yi dariya, na ɗauka wasan kaka da jika ne, don ko Mujitaba ma angonta take ce masa. Ita ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi: “Macen da ta yi ƙaura ba dutse, baƙuwa ce har ta mutu. Ni ba lalle ki dawo ki same ni ba, gara in ba ki da hannuna.” Ta ƙara da cewa idan na sauka in nuna mata shi ta waya, ta ga inda na kafa shi.

Anti, maza biyu ne suke ɗaga dutsen nan. Mun kai shi sikelin masu sayen hatsi mun dawo da shi, shi kaɗai ya fi duk nauyin kayan da aka yarda in shiga jirgi da su. Da na gaya wa Mujitaba, dariya ya yi har waya ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya ce a saman bene yake haya, daɓen na katako ne, akwai wata tsohuwa a ƙasa da ko kujera ya ja sai ta buga masa silin. Ya ce in manta da zancen kawai. Mamata kuwa ta ce in na kuskura na mayar wa Iya kyautarta, in nemi wata uwar.

Yayana Musaddiq ne ya kawo dabara. Ya ce mu karɓa, mu sa a mota a gaban Iya, idan mun biyo ta garin Ƙofa sai mu sauke a gidan gwaggonmu, a ce mata ya tafi. In ta nemi gani, in ce kyamara ta lalace. Wallahi dabarar ta kwanta mini, don ni dai burina in gan ni cikin jirgi. Amma duk lokacin da na tuna dutsen nan a naɗe cikin zani yana jirana, sai murnar ta gushe. In bi shawarar yayana, ko in faɗa mata gaskiya ta yi fushi da ni a kwanakin da suka rage mana?

Taki,
Mai Ɗokin Tafiya, daga Bebeji

*

Mai Ɗokin Tafiya,

Barka da arziki, Allah ya sa ƙaurar alheri ce. Ki ci gaba da murnarki, halal ɗinki ce, sai dai ki riƙa duba gwangwani kafin ki zuba a miya.

Bari mu fara sallamar yayanki. Dabararsa irin ta wanda ba shi zai riƙa amsa waya ba ce. Ƙofa ba bayan duniya ba ce, kuma dutsen da sai maza biyu sun ɗaga ba ya ɓuya a bayan randa. Suna ɗaya za a yi a gidan gwaggonku, wata ta gan shi, kafin la'asar labari ya isa kunnen Iya. Ko da ba a gani ba, ke ce za ki shekara kina karkatar da waya daga kicin duk ranar da kika kira ta. Ƙaryar da sai an ciyar da ita kowane mako ta fi dutsen nauyi.

Mijinki yana da gaskiya, dutsen ba zai tafi ba. Amma dariya daga nesa ba wuya. Tunda angonta ne, ya kira ta da kansa, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya yi mata bayanin bene da katako da tsohuwar ƙasa. Mamarki ma tana da gaskiya, ba a mayar wa babba kyauta. Kuma idan wani mai wayo ya ce ki ɗauki ɗan dutsen na sama ki bar uwar, kada ki yarda. Kin raba su ke nan, ke ba niƙa, ita ba niƙa.

Ga abin da nake ganin duk kun tsallake. Kuna kallon Iya a matsayin tsohuwar da ba ta san jirgi ba, alhali a gidanku ita kaɗai ce ta taɓa yin ƙaura ta gaske. Ƙaurar da ta sani kuwa ita ce wadda duk abin da mutum ya bari ruwa ke rufewa, babu komawa ko da ziyara. Irin wannan tafiyar take shirya ki. Aikinki shi ne ki nuna mata taki ba irin tata ba ce, kuma kada ki faɗa sai kin tabbatar. Ku zauna da Mujitaba ku tsayar da lokacin da za ki fara zuwa gida, lokacin da aljihunsa da hutunsa za su iya ɗauka, ba wanda zai yi daɗin ji ba.

Daga nan ki je wajenta ke kaɗai, ba Mama ba Musaddiq. Ki karɓi kyautar hannu biyu, ki yi godiya. Ki kwance zanin, ki durƙusa ki niƙa mata kayan miyan ranar, ta yi ta kushe hannunki son ranta. Sannan ki gaya mata gaskiya: jirgi ba zai ɗauka ba, gidan ba zai ɗauka ba. Ki ce dutsen ya zama naki, amma kin ba ta ajiya, kuma za ki tambaye ta ajiyarki ranar da kika zo. A wajenmu wanda ya bar ajiya ya ɗaure kansa da dawowa, ita ma ta fi ki sanin haka. Ki kuma tambaye ta abin da ta bari a tsohon gari wanda mota ba ta ɗauka ba, da yadda ta yi da watanninta na farko a sabon wuri. Za ki buƙaci amsar fiye da rigar sanyi.

Na faɗi haka ne don na yi karatu a irin ƙasashen nan. Ɗokin nan zai sauka. Mijinki zai riƙa yini ko kwana a wajen aiki, rana za ta faɗi tun kina ganin yanzu aka yi azahar, kuma ba wanda zai yi sallama ya shigo don kawai ya ga yadda kika tashi. Tun a makon farko ki nemi masallaci da matan da ke zuwa, ki nemi karatu ko aikin da zai fitar da ke daga ɗaki, ki kuma ware ranar kiran Iya, ranar da ba ta canzawa. Kilishi da man shanu ku cinye su a nan, don ba a shiga da nama da kayan madara. Sauran ki bincika doka kafin ki ɗaure, abin da kika ɗauka kuma ki faɗa idan an tambaye ki. Daddawa ki naɗe ta da kyau, saboda sauran fasinjoji ba su yi miki laifin komai ba.

Ban yi miki alkawarin Iya za ta ji daɗi ba. Tana iya juya miki baya, tana iya yin kuka, kuma abin da ta faɗa game da shekarunta ba ƙarya ba ne, babu mai ba ki tabbaci a kai. Saboda haka ma nake so abin da zai shiga tsakaninku na ƙarshe kafin ki tashi ya zama gaskiya. Idan ta yi fushi, ki koma washegari, ki sake komawa jibi. Wadda ta raine ki ba za ta bari ki hau mota ba ta sa miki albarka ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ku lafiya, ya ƙara wa Iya kwana mai albarka har ki zo ki durƙusa a gabanta.

Anti Kulsumu