Muryar Yaya Zubairu a Cikin Waya

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Allah ya isa tsakanina da Kamilu mai caji. Manhajar hira ta dame ni wai sai an sabunta ta. A garin nan ba mai ƙona data a kan wannan, mutum ɗaya ke saukewa, sauran a tura musu waya zuwa waya. Na ba shi wayata, ya tura min tasa. Yanzu in na taɓa ta sai ta yi fari fat, ta koma. Duk saƙonnin muryar Yaya Zubairu suna ciki, waɗanda ya riƙa aikowa daga Legas kafin mota ta kashe shi bara. Kullum bayan asuba sai na kunna wa Inna ɗaya kafin ta sha koko.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na kashe na kunna. Na cire batir na mayar. Na goge hotunan bikin Luba ƙanwata da duk wa'azin da ke ciki, ko wuri ne ya yi mata kaɗan. Na hau tudun bayan gonar gyaɗa inda sabis ke kamawa. Banza. Wani rubutun Turanci ke fitowa, na bi shi harafi-harafi yadda na koya wa kaina karatu, wai manhajar ta tsaya. To uban wa ya ce ban gani ba?

Inna ta ce, "Yau yayanka bai gaishe ni ba." Na ce caji ne babu.

Talata, 8 ga Oktoba

Na je shagon Kamilu. Yana cin rake, ko ɗago kai bai yi ba. Wai, "Wayarka ce ta tsufa, Sama'ilu, sabuwar ta fi ƙarfinta. Goge ta kawai, in sa maka tsohuwa." Na ce in na goge, muryar fa? Ya tofar da rake ya ce, "Wanda ya mutu ai addu'a yake so, ba a yi ta kunna shi ba."

Ban san sanda hannuna ya tafi ba. Na fasa masa leɓe, na kife teburinsa, wayoyin mutane suka watse a ƙasa. Na shaƙe shi har idonsa ya yi ja kafin a ɓamɓare ni. Wani ya maka min sanda a gadon baya. Ban yi nadama ba. Gobe ma ya faɗa, sai na zubar masa da haƙori.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mai unguwa ya ce in ba da haƙuri. Na ce sai dai a ɗaure ni.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na hau bas daga Tsanyawa zuwa birni, kasuwar 'yan waya. Wani mai gyara ya jujjuya wayar kamar ya tsinci mushe, ya ce, "Ɗan'uwa, kun ajiye kwafi a intanet?" Wane kwafi? Mu da muke kunna data ta minti biyu mu kashe. Ya miƙo min abata.

Inna ta daina tambaya. Ta dai zauna a kan tabarma bayan salla, koko yana hucewa a gabanta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na shiga saitin waya da kaina. Na ga wani wuri da na karanta a matsayin share datti. Na danna. Ta buɗe. Wallahi ta buɗe, har na miƙe tsaye. Sai ta ce in sa lambata, kamar ba ta taɓa sanina ba. Na sa. Babu komai. Babu Yaya, babu kowa.

Na ɗora wayar a bakin turmi na sa taɓarya. Na yi ta duka har gilas ya shiga tafin hannuna. Luba ta kwashe yara ta yi ɗaki. Inna ce ta zo ta karɓe taɓaryar, ta cire min gilasan da allura.

Litinin, 14 ga Oktoba

Bayan asuba ta kira ni. Ta ce, "Kai ma ai ka haddace. Faɗa min na ranar nan da yake mura." Na ce Inna ni ba rediyo ba ne. Ta kau da kai tana kallon ƙofa, tana jira.

Na faɗa. "Inna, kin tashi lafiya? Ki sha maganinki. Ki ce wa Sama'ilu ya rage zafin hannu, ya je ya duba gyaɗar nan." A nan na tsaya. Ta ce, "Ka tsallake tarin da ya yi." Ta jawo kokonta ta sha.

Da hantsi na bi ta shagon Kamilu, don hanyar gona ce. Ƙafar teburin tana nan a karye, ya tokare da bulo. Ina da guduma da ƙusa a buhu. Na durƙusa na gyara ƙafar. Teburin ne kawai ya ba ni haushi.