Baba da Dodon Bakin Gada

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Ina iyali? Mu nan Wudil lafiya lau.

Akwatin wasan talabijin da ka aiko ya hana mu sakat, Baba ya ƙwace shi. A wasan, rai uku ake ba mutum don ya nemo wani makulli, kullum wani dodo a bakin gada ke cinye wa Baba su. Jiya ya tsallake, sai aka ɗauke wuta, komai ya koma farko. Kwana huɗu bai leƙa gonar Dagumawa ba, gero kuwa ya isa yanka. Na yi magana, ya ce, "Hadiza, bari in ɗauko makullin tukuna."

Don Allah rubuto yadda ake kashe dodon nan, tsuntsaye sun fara sauka kan geron. Ka sa mu a addu'a. Inna na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza